Ranar da Mai Ganga Bai Ɗana Mota Ba

Mai Ganga bai taɓa kiɗa ba a rayuwarsa, ko tafi ma bai iya yi daidai ba. Sunan ya samo shi ne daga wasu manyan gangunan ƙarfe guda biyu da ke binne rabi a daɓen garejinsa. A kansu ake ɗora tayoyin mota, a ɗaure ta da bel gaba da baya, a taka totur har ƙasa. Mota tana tsaye wuri ɗaya, tayoyi suna gudu, ganguna suna juyawa, kwanon rufi yana karkarwa, mai walda da ke maƙwabtaka yana surfa zagi ta kan katanga. Idan aka ɗaga ƙafa sai kwamfuta ta zana layi biyu a allo. Da layukan nan biyu mutumin ya ci abinci, ya yi aure, ya gina ɗakuna uku da tsakar gida.

Layi na farko ƙarfin murɗa ne, wato yadda inji yake murɗa tayoyi a kowane mataki na juyinsa, abin nan da ke manna bayanka da kujera idan ka taka. Na biyu shi ne dawakai, murɗar ce dai aka haɗa ta da saurin juyin inji, shi ya sa yake ta hawa muddin allurar da ke nuna juyin inji tana hawa. Samari masu motocin tsere ba sa kallon komai sai ƙololuwar layi na biyu. Su ɗauki hoton lambar da waya, su tafi wurin hira su yi ta cika baki, dama dokin mai baki ya fi gudu. Shi kuwa Mai Ganga da gindin biro yake bin layi na farko tun daga ƙasa, yana neman rami ko tsini. So yake ya ga layin ya tashi da wuri, sannan ya kwanta shimfiɗe kamar tebur.

"Lambar sama ta hira ce," haka yake ce musu. "Sau nawa allurarka take zuwa can? Ƙafarka a tsakiya take wuni. Ka tambaye ni abin da inji yake yi a tsakiya."

Ba a makaranta ya koyi wannan ba. Iyayensu sun rasu kusa da kusa, suka bar masa ƙane mai rarrafe, sai ya bar karatu ya zama karen mota a wata gingimari mai ɗaukar siminti. A hawan dutse, da kaya har wuya, yana tafe a gefe riƙe da katakon tare taya, ya gane cewa ƙarfin da bai zo lokacin da ake nemansa ba aikin banza ne, wanda kuma ya zo gaba ɗaya ba sallama ya fi shi sharri. Daga gingimari ya koma ƙarƙashin ƙananan motoci, daga nan zuwa motocin masu son gudu, har ya kai ga sayen tsofaffin gangunan nan ya gyara su da hannunsa. Duk inda ya je, ƙanen nan yana biye da shi. A cikin tayar tirela da aka shimfiɗa wa tsumma yaron ya yi barcin rana, da sifana ya yi wasa, kuma har ya yi gemu ya yi aure ba wanda yake kiransa da wani suna sai Auta.

Abin da aka fi sanin Mai Ganga da shi wata ƙa'ida ce da ba ya karyawa: ba ya miƙa makulli sai ya ɗana mota da kansa. "Ganga ba ta da kwana," in ji shi. "Motar da aka ɗaure ba ta nuna halinta." Akwai wani tsohon filin jirgi a bayan gari da masu tsere suke taruwa a ƙarshen mako, kuma a cikinsa akwai wata doguwar kwana da ta zagaye ƙafafun wani tankin ruwa na kankare. Can yake kai kowace mota. Zai cire takalmin dama ya tura shi ƙarƙashin kujera, mai walda yana cewa kamar mai shiga ɗakin surukai, sannan ya shiga kwanar tanki yana ba inji mai kaɗan kaɗan da tafin ƙafa, yana sauraron inda ƙarfi zai shigo. Idan ya shigo a hankali, mai mota ya karɓi makullinsa. Idan ya shigo da fizga, mota ta koma gareji, ko ɗan waye kai. An sha zaginsa a kan haka, an sha ɗauke mota da janwe a kai wani wuri, bai taɓa sauya hali ba.

Sai ciwon suga ya shigo masa, shi ma ba sallama. Da farko ƙafar dama ce take masa kamar tururuwa na yawo a cikinta. Daga baya ta koma kamar ya sa safa mai kauri ko da ba safa. Wata safiya matarsa ta zuba masa ruwan wanka mai zafi a kan ƙafar bisa kuskure, ta saki bokiti ta dafe ƙirji, shi kuwa yana tsaye yana tambayarta abin da ya faru. Likita ya soka masa tsinke a tafin ƙafa, a yatsu, a dunduniya, yana kallon fuskarsa, sannan ya ce jijiyoyin sun mutu kuma ba sa dawowa. Ya ce ya riƙa duba ƙafar da ido kullum tunda ba za ta ƙara ba shi labarin komai ba, kuma ya rabu da tuƙi.

A hanyar gida ya ce wa matarsa, "Maganar nan ta tsaya tsakanina da ke."

"Har Auta?"

"Musamman Auta."

Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Makanikin da ake zuwa wurinsa daga nesa saboda tafin ƙafarsa, a ce ƙafar ta zama icce? Aikin ganga bai dame shi ba, don can ba a buƙatar ji, takawa ce kawai har ƙasa. Ɗanawa ce matsalar. Sai ya ɓullo da dabara. Ya daina ɗaukar kowa idan zai fita, ya ce nauyin mutum na biyu yana ɓata masa lissafi. Zai ja mota a hankali yana kallon allura, ya sha kwanar layinsu, ya tsaya bayan wani rufaffen kanti, ya zauna da takalmansa biyu a ƙafa har a ɗauka ya je ya dawo. Don ya rufa wa kansa asiri, ya ƙara lallashe injunan mutane, yana kwantar da layin murɗa fiye da da, ta yadda ko makaho ya taka ba za su yi fizga ba. Ba wanda ya ji ciwo, ba wanda ya gane. Amma duk ranar da ya dawo daga bayan kantin nan ya miƙa makulli, ba ya iya kallon mai motar a ido.

Shi Auta a lokacin ya zama abokin aiki, giya da birki a hannunsa suke, kuma yana da tasa motar tsere, wata tsohuwa ja da suka tayar tare daga gangar jiki. Direba ne mai kyau, kowa ya sheda. A kwana ba a kama shi. Amma da an fito doguwar miƙaƙƙiyar hanya sai masu manyan dawakai su wuce shi ɗaya bayan ɗaya, wani har ya ɗaga masa hannu ta taga. Kullum na biyu, kullum na uku. Abin ya daɗe yana cin sa a rai, har ranar da ya shigo gareji rungume da kwali ya dire a kan teburin aiki. A ciki turbo ce, na'urar da ke cusa wa inji iska, amma irin ƙatuwar nan da ta fi ƙarfin injin nasa.

Mai Ganga ya leƙa kwalin ya mayar da murfi. "Mayar musu da abinsu."

"Yaya, ko ɗagawa ba ka yi ba."

"Ba sai na ɗaga ba. Wannan ba za ta farka ba sai allura ta wuce rabi, kuma in ta farka gaba ɗaya za ta zo maka. A ƙasa ba komai, a tsakiya bango. Ka san inda allurarka take idan kana fita kwanar tanki?"

"Na sani. Ni nake tuƙa motar."

"Ni kuma na haɗa ta."

Auta ya murza tsumma a hannu, sannan ya faɗi abin da da alama ya daɗe a bakinsa. "Tun ina yaro kake ɗaure ni kamar yadda kake ɗaure mota a gangar nan. In yi ta gudu wuri ɗaya, kana tsaye kana kallon allo. Ina da mata, Yaya, ina da 'ya. Idan ba za ka sa mini ba, akwai masu gareji a tsallaken gada, gobe za su sa."

Maganar ta soke shi. Ya kuma san mutanen tsallaken gada, masu neman lamba ko inji zai fashe. Ya ce a ransa gara a hannunsa, ko ba komai zai rage mata kaifi. Ya ɗauki kwalin ya kai ciki.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan kam ba a hana shi. Ya sauya bututu, ya rage iska, ya zauna gaban kwamfuta yana ja yana saki har idanunsa suka yi ja. Amma ƙarfe ƙarfe ne, abin da aka ƙera shi ya yi shi zai yi. Da aka ɗaure jar motar a ganga aka taka, ƙarar da ta yi ta sa mai walda ya ajiye aikinsa ya zagayo da tabarau a goshi. Layin dawakai ya hau inda allon nan bai taɓa kaiwa ba. Auta ya rungume mai walda, ya ɗauki hoto, ya kira matarsa a waya yana dariya. Mai Ganga kuma yana bin layi na farko da gindin biro. Layin ya taho a kwance kamar mara lafiya har tsakiyar allo, sannan ya miƙe tsaye. Ya ɗan fi yadda ya zata laushi. Ko laushin ya isa, ko bai isa ba, allo ba zai faɗa ba. Tafin ƙafa ne kaɗai zai faɗa, a kwanar tanki.

Da safen da za a ɗana, matar Mai Ganga ta tsaya masa a bakin ƙofa da kofin shayinsa a hannu. "Baban yara, ka gaya masa. Wannan ba motar baƙo ba ce da za ka ɓuya bayan kanti."

"Na ji."

"Ba ji nake so ba. Ɗan'uwanka ne, ba zai kai ka kasuwa ba."

Ya karɓi shayin ya ajiye bai sha ba, ya fita.

A gareji Auta ya riga ya wanke motar. Ya miƙo makulli da hannu biyu, yana zolaya kamar yadda ya saba. "Ranka ya daɗe, a cire takalmi. Yau kam sai na bi ka, ko a but ne. In kuma nauyina zai ɓata lissafi, zan tsaya gindin tanki in kalla."

Mai Ganga ya riƙe makullin. Ba bayan kanti yau. Idan ya shiga motar nan da mataccen tafin ƙafa, ko dai ya rarrafa da ita Auta ya gane, ko ya taka ba tare da ya san iya abin da ya taka ba ta kashe shi. Hanya ta uku a buɗe take, kalmomi kaɗan ne, ya ce ƙafata ta mutu, Auta, mu nemi wanda zai ɗana, ko mu cire abin nan. Ya buɗe baki. Ga mai walda a tsaye, ga wasu samari biyu da suka zo kallon motar da ta karya lambar allo. Girman kai rawanin tsiya, kuma ranar nan Mai Ganga ya naɗa shi har kunne.

"Ba sai na ɗana ba," ya ce. "Ganga ta faɗi komai." Ya mayar masa da makullin.

Auta ya kalli makullin, ya kalli yayansa, idanunsa suka kawo ruwa. Tunda ya yi wayo bai taɓa ganin mota ta bar garejin nan ba a ɗana ba. A wurinsa ma'anar abin ɗaya ce: motar ta kai inda ba ta da abin gyara, kuma yayansa ya kwance masa bel a gaban mutane.

"Na gode, Yaya," ya ce a hankali.

"Ka kula da tsakiya. Kada ka taka sai ka miƙe sitiyari."

"To, Yaya."

Ya amsa yana murmushi, don wannan gargaɗin ya ji shi a kan kowace mota tun yana zama a cikin taya. A gidansu ba da baki ake hana mutum mota ba, da riƙe makulli ake hanawa, kuma ga makulli a hannunsa.

Ranar tsere da la'asar Mai Ganga yana tsaye a bayan shinge, nesa kaɗan da tanki. Zagayen farko Auta ya bi kwanar da taka tsantsan, ya fito miƙaƙƙiyar hanya ya wuce motoci biyu kamar suna tsaye, mutane suka ɗau sowa. A zagaye na gaba wata baƙar mota ta manne masa a baya. Ya shiga kwanar tanki yadda ya saba shiga shekara da shekaru, ya fara ba ta mai tun sitiyari yana karkace, yadda tsohon injinsa mai layin tebur ya koya wa ƙafarsa. Kunnen Mai Ganga ya riga idonsa sani. Ya ji gurnanin injin ya koma ƙara mai tsini a daidai inda layin nan ya miƙe tsaye. Tayoyin baya suka saki ƙasa, gindin motar ya zagayo gaba, ta tafi a gicciye ta daki ƙafar tankin da ɓangaren direba.

Mai Ganga ya yi gudu, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi, don ƙafar ba ta gaya masa inda ƙasa take. Da ya isa an riga an fara yanka ƙofa. Auta idonsa biyu, yana ta tambayar mutane wa ya ɗauke masa ƙafafu.

Ƙashin baya ne ya karye. Bayan asibiti ta gama abin da za ta iya, aka dawo da shi gidan yayansa, aka ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa shi da matarsa da 'yarsu, aka sa gado a jikin taga. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Dole a riƙa juya shi a kai a kai don kada kwanciya ta ci masa fata, kuma matarsa ba ta da ƙarfin ɗaga shi, don haka Mai Ganga ne yake barin gareji ya zo ya juya shi ya koma. Ya iya aikin kamar yadda ya iya kowane aiki. Hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, a mirgina a hankali, a sa matashi tsakanin gwiwoyi.

Abin da ya fi ɗaga shi nauyi shi ne masu zuwa dubiya. Duk wanda ya zauna ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, sai Auta ya girgiza kai. "Laifina ne. Motar da Yaya ya miƙa ko ɗanawa bai yi ba, ai kun san ba ta da aibu. Ni ne ƙafata ta yi gaggawa." Yana faɗa yana kallon yayansa da ƙauna, don ya sauke masa nauyi. Mai Ganga yakan sunkuyar da kai, baƙi su ce dubi yadda abin ya taɓa shi, matar Mai Ganga kuma ta tashi ta bar ɗakin. Sau da yawa ya shigo da niyyar faɗa, ya tarar Auta yana wasa da 'yarsa a kan ƙirji, ya fasa. A gareji kuwa samari sai ƙaruwa suke, kowa da hoton lambar nan a waya, yana so a yi masa irinta. Yakan kore su, wani lokaci da sifana a hannu. Mai walda ya daina zagi ta katanga, don gangunan sukan wuni ba su juya ba.

Wata rana da azahar ya shigo juyi kamar kullum. Ya cire takalma a bakin ƙofa, ya taka tayil da safa, ya zagaya gadon. Auta yana kwance a gefensa na dama, fuskarsa tana kallon ƙasa.

"Yaya, me ya same ka a ƙafa?"

"Ba komai. Kawo kafaɗar."

"Jini kake takawa."

Ya waiga. Tun daga ƙofa har gindin gado sawun ƙafar dama ne, ja, ɗaya bayan ɗaya. Matar Auta ta ɗauko takalmin ta juya shi, ta leƙa ciki, sannan ta miƙo shi. Wata ƙusa mai zare, irin ta jikin mota, ta huda tafin takalmin ta fito ciki da tsawon gaɓar yatsa. Jinin da ke kewaye da ita har ya fara bushewa.

Auta ya daɗe yana kallon ƙusar. A duk gidan ba wanda ya kai shi sanin abin da ake nufi idan ƙafa ta yi shiru.

"Ɗora ta nan," ya ce, yana dafa bakin gado.

"Bari in je in wanke..."

"Ɗora ta, Yaya."

Ya ɗora. Auta ya zare safar, ya sa babban yatsa a kan ramin da ƙusar ta yi ya danna da ƙarfi, idonsa a kan fuskar yayansa, yadda likitoci suka yi masa da tsinke a asibiti. Mai Ganga ya so ya yamutsa fuska ko don ƙarya, amma bai san lokacin da ya kamata ya yi ba.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Kafin motar?"

Matar Mai Ganga tana tsaye a bakin ƙofa, ta zo da tsumma da ruwa. Yarinyar tana wasa da murfin kwalba a ƙarƙashin taga.

"Kafin motar," ya ce.

Auta ya saki ƙafar. Ya goge yatsansa a jikin zanin gado, a hankali, har ya fita tas. Bai ɗaga murya ba, bai yi kuka ba, kuma da ya yi ɗaya daga ciki da yayansa ya fi samun sauƙi.

"Lokacin juyi ya yi," ya ce. "Juya ni in fuskanci bango."

Ba wani mai ƙarfin yi a gidan. Mai Ganga ya sauke ƙafarsa ƙasa, ya sa hannu ɗaya a kafaɗar ƙanensa, ɗaya a ƙugu, ya mirgina shi a hankali har ya ba shi baya, sannan ya gyara masa matashi tsakanin gwiwoyi.